Kwandon Sharar Kwamfutar Baba

Kowa a gidanmu ya yi wa Baba gurguwar fahimta a kan maganar kwamfutar nan. Inna ta ce ƙin rabuwa da tarkace ne, mutumin da ko tsohuwar hula ba ya iya kyautarwa sai an yi da gaske. Yayana ya ce tsoro ne irin na tsofaffi, wai gani yake in ya danna abin da ba shi ba na'urar za ta kama da wuta. Ni kuwa na ce taurin kai ne kawai, kuma a gaban Inna na faɗa, har ta jefe ni da mafici. Duk cikinmu babu wanda ya dace.

Baba malami ne. A zauren gidanmu da ke Ƙofar Rini yake ba da karatu, kuma ɗalibansa manya ne, 'yan kasuwa da ma'aikata masu biyowa bayan asuba kafin su wuce wurin nema. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba shi laftof shekarun baya. Ya koyi buga Larabci a kanta da yatsa ɗaya, gilashi a kan karan hanci. Duk shekara kafin azumi yakan zauna ya rubuta abin da zai karantar a tafsiri. A shekarar da nake magana, Sha'aban ya riga ya kama sai kwamfutar ta ce ta cika. Ya rubuta shafi ya ce ta ajiye, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Aka ɗauke wuta, batiri ya mutu, aikin safiya guda ya tafi. Bai yi faɗa ba. Ya rufe ta ya zauna yana jan carbi, kuma mu 'yan gidan mun gwammace faɗansa da wannan shirun.

Yaya ya zo daga gidansa na Ƙofar Kware, da hularsa ta ma'aikatan gwamnati, ya duba ta a tsaye ko zama bai yi ba. Ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, ya cinye ta, a ba shi ya kai wa mai gyara a wanke ta gaba ɗaya. Baba ya ce a'a. Yaya ya ce to a goge wasu abubuwa a samu wuri. Baba ya ce wannan ma a'a. Daga nan aka waiwayo kaina, tunda na gama sakandare ina zaune a gida, kuma ni ce mai gyara wa kowa waya.

Bayan la'asar na shiga zaure na zauna gefen buzunsa. Baba ba ya kiran sunana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini, ko da kuwa faɗa zai yi.

Abin da na gani a cikin kwamfutar nan ya isa ya sa mutum ciwon kai. Duk ɗalibin da ya zo da filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, sai ya juye masa abin da ke ciki, littattafai da karatuttuka da hotunan walima. Littafi ɗaya sai ka gan shi a wuri kaza da wuri kaza. Ga kuma wasu fayiloli farare fat, babu hoto a jikinsu, in ka danna sai kwamfutar ta tambaye ka da me za ta buɗe su, kamar ni ce na haife su.

Na ga wani littafi da aka maimaita, na ja ɗaya na nufi kusurwar allo da shi. Sai na ji hannun Baba a wuyan hannuna. Ban taɓa sanin yana da sauri haka ba.

"Ina za ki da shi?"

"Kwandon shara, Baba. Akwai irinsa, ga shi nan."

"Buɗe shi."

Na buɗe. Ya sa yatsa a layin farko.

"Mi anka rubuta nan?"

Bisimilla ce. Na dubi layin, na dubi ɗan hoton kwandon da ke kusurwa, har da takardu cukurkuɗe a cikinsa. Sai a lokacin na gane.

A gidanmu ba a share takarda mai Larabci. Ko jaridar da aka ƙunso ƙosai sai an duba ta kafin a yar. Duk takardar da ta tsufa mai ɗauke da sunan Allah, tulu ake sa ta, in ta taru a ƙona, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Da wannan aka raine ni, amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗa shi da kwamfuta ba. Shi kuwa shekarun nan duka yana kallon kwandon nan a kan allo, bai taɓa jefa ko harafi a ciki ba. Bai kuma gaya wa kowa dalili ba, don a ganinsa ba abin da ake gaya wa ɗan musulmi ba ne.

Na ce, "Baba, hoto ne fa. Babu kwando a cikin injin."

"To don mi sunka zana shi?"

"Don mutane su gane."

"Ai na gane," in ji shi.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na ji kamar in rufe kwamfutar in tashi. Abin da ya zaunar da ni shi ne takardun da na gani a gefensa. Ya koma rubutu da biro, kuma hannunsa rawa yake yi yanzu, layukan duk sun karkace. Azumi kuma ba zai jira mu ba.

Na ɗauko waya na shiga bincike. Na gano akwai yadda ake goge abu ba tare da ya bi ta kwandon ba, ka danne wani maɓalli sannan ka danna na gogewa. Na nuna masa. Ya ce to in bai shiga kwando ba, ina yake tafiya.

"Ba ya zuwa ko'ina. Yana nan inda yake, sai dai injin ya daina ganinsa, har a rubuta wani abu a kansa."

"Wa zai rubuta?"

"Ku mana."

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga. "Awa allo ke nan. A wanke, a sake rubutu bisa."

"Haka ne."

"Ruwan wankin hwa?"

"Baba, babu ruwa."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na motsi. Tsokanata yake yi, ya san zuciyata a kusa take. Amma ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ba za a goge komai ba sai an san mene ne.

Nan aikin ya zama aiki. Kowane fayil yana da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa, haruffa kaɗan bayan ɗigo, kuma wutsiyar ce ke faɗa maka irinsa. Sai in kwafe ta a waya in bincika, in fassara wa Baba da Hausa. Masu wutsiyar dll na injin ne, na ce masa waɗannan hanjin kwamfutar ne, in an taɓa su ba za ta tashi ba. Ya ce a bar mata hanjinta. Masu tmp ragowar aiki ne, kamar ɓawon gyaɗa. Akwai wasu masu sunan rubuce-rubucensa sak, amma da wata alama mai lanƙwasa a gaba. Waɗannan sun tsorata shi, ya ɗauka an yi wa littafinsa tagwaye. Na tilasta wa ɗaya ya buɗe, babu komai a ciki sai tarkacen alamomi da sunan mai kwamfutar.

Gaskiya sau da yawa na ji kamar in ce masa babu komai a ciki mu wuce, don ba zai gane ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga yadda yake kallona, ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Sai in ja tsaki a ciki in ci gaba da bincike. Inna takan leƙo da kofin kunu ta ce, "Yau kuma wa ke karantar da wa?"

Muka yi kwanaki muna wannan. Muka goge abin da muka goge. Baba ya rubuta shafi ya ce ta ajiye, ta karɓa, kashegari ta sake ƙi. Ashe duk abin da muka sha wahala a kansa ƙanana ne, ba su tare wurin kirki ba. Raina ya ɓaci sosai. Sai na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko, na ce kwamfutar ta jero mini fayilolin daga babba zuwa ƙarami.

A can sama akwai wani ƙato fari, shi kaɗai ya fi littattafan Baba duka nauyi. An ɓoye shi cikin folda, cikin wata foldar, an sa mata suna aikin ofis. Wutsiyarsa iso. Na bincika, aka ce kwafin faifan CD ne guda. Na buɗe. Wasan ƙwallo ne na kwamfuta, kuma kusa da shi ga ƙannensa, kowace shekara da nata.

Baba ya ce a kira Yaya.

Ya zo ya durƙusa a bakin buzu, ya gaida Baba, ya harare ni. Na juya masa allon. Mutum mai mata da 'ya'ya, sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Tun kafin in yi aure ne, Baba. Lokacin da nake aron ta."

"Na bara ma kafin aure ne?" na tambaya.

"Ke, wa ya sa da ke?"

"Shi ne bairos ɗin da za a kai kasuwa a wanke?"

Baba ya ɗaga mini hannu na yi shiru. Ya dubi Yaya fuska a ɗaure ya ce, "Cikin 'yan ƙwallon ga, babu wanda sunansa ya haɗa da sunan Allah?"

Yaya ya tsaya yana tunani da gaske, har yana ƙirga da yatsu. Ya ce akwai musulmi a ciki kam, ba zai rantse ba.

"To Uwata, kada ki sa su kwando. Yi musu irin ta allo."

Inna da ke laɓe bayan ƙofa ta kasa riƙe dariya. Na danne maɓallin na goge. Jan layin da ke nuna cikar kwamfutar ya ja baya ya koma shuɗi. Baba ya matso da ita gabansa, ya buga layi ɗaya da yatsansa, ya ce ta ajiye. Ta ajiye. Bai ce an gode ba, ya dai ce a miƙo masa takardun nan na biro, kuma mu ba shi wuri.

A tsakar gida Yaya ya ce mini munafuka. Na ce ya gode Allah ban kira matarsa ba.

Saura folda guda da ban taɓa ba. Wani abokin Baba ne ya juye masa ita, wani malami da ke zaune wajen Hubbare, wanda ya rasu shekaru biyu kafin nan. Fayilolin ciki farare ne duka, wutsiyarsu bok. Waya ta ce mini littattafai ne na wata manhajar karatu, amma manhajar ba ta cikin kwamfutar, kuma na yi iya yina sun ƙi buɗewa. Baba bai san abin da abokin nasa ya zuba masa ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ya ce in duba in na samu hali. Ban samu ba."

Ba su da nauyi, ba su tare wa kowa wuri ba, ana iya barinsu haka har abada. Amma ni abin da ya ƙi buɗewa yana hana ni sukuni. Na yanke shawara ranar Asabar zan kwafe su a filas in kai wa malamar da ta koya mana kwamfuta a makaranta, ta nuna mini yadda ake sa manhajar. In sun buɗe, zan jera masa su da sunayensu kafin a ga wata. Na riga na gaya wa Yaya shi zai kai ni a mashin ɗinsa, kuma zai jira ni a waje har in gama.