Taken Ashiru Tsitaka

Ashiru ɗan mahauta ne a Kalgo, rumfarsu tana jikin tamu. Ubansa ya so ya gaji fawa, amma ko akuya aka ba shi ya feɗe sai ya huda fatar. Naushi kaɗai hannunsa ya iya. Tun gemu bai fito masa ba ya fara ɗaure hannu da zare, kafin kaka biyu ya kayar da duk ɗan damben da ke tsakanin Kalgo da Dodoru. Garba mai kalangu, tsohon makaɗinmu, shi ya yi masa take, ya raɗa masa suna Tsitaka.

To, dambe da kaka ake yinsa, ciki kuwa bai san kaka ba. Sai Ashiru ya faɗa Birnin Kebbi, ya shiga fisgen waya da satar babur, in siyasa ta zo ya yi banga. Rannan wani ɗan kabukabu mai suna Anas ya ƙi sakin makullinsa, Ashiru ya kai masa naushi ɗaya, idon Anas na hagu ya tafi. 'Yan sanda suka shiga nemansa. Danginsa suka ce ai gulbi ya ci shi. Har sadakar bakwai aka yi, ni ma na je na ci gumba.

Ashe yana Masama. Ya tara gemu, ya sauya suna ya koma Atiku, yana noman albasa. Ya auri Binta, ta haifa masa Mufida. Binta ta san komai, sharaɗinta guda ne: kada ƙafarsa ta taka filin dambe. Shekara shida ko kaza bai kora da ƙarfi ba.

Wata kaka ya kai albasa kasuwar Gwandu, da la'asar aka buɗe filin dambe. Ina wurin. A yi masa adalci, bai shiga ba, can baya ya tsaya da buhu a kafaɗa. Sai Garba, wanda idonsa ya riga ya mutu, ya ce zai kaɗa taken wani yaronsa da ruwa ya ci, sau ɗaya, don tunawa. Ya kaɗa.

Kai, jama'a! Ɗan dambe ba ya jin takensa ya tsaya. Sai ga mamaci ya yar da buhu, ya ratsa mutane, ya ɗaga hannun dama yana kirari. Mata masu fura suka watse. Garba ya gane muryar, hawaye na zuba, hannunsa kuwa bai daina ba.

'Yan sandan da ke gadin fili suka taso daga benci, ɗayansu ɗan Kalgo ne, ya san shi. Ashiru ya ce musu, "Don Allah ku bari kiɗin ya ƙare." Suka bari.

Wallahi haushinsa na ji, don Mufida ko yaye ba a yi mata ba. Da na je gidan yari duba shi, ban ko zauna ba na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Wa ya gane ka? Da ka yi shiru da yanzu kana gida!"

Ya dubi hannunsa, ya ce, "Shekara shida ba wanda ya kira ni da sunana. In yi kamar ban ji ba?"