Bayan Uwa a Kan Takardar Siminti

Shekara da shekaru ina koyar da zane a lakwal ɗinmu, makarantar boko ta unguwa, yadda ni ma aka koya mini. In zana buta a allo, yara su kwafa, wanda butarsa ta fi kama da buta shi ne gwani. Ganye kore, sama shuɗiya, shi ke nan an tashi. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wata hanya ba.

Sai wani babban hutu aka tara mu malamai horo a nan cikin Damagaram. Wani mushe, wato malamin boko, siriri mai furfura, ya baje mana hotunan zane a kan tebur, ya ce aikin wasu Turawa ne na Jamus da ƙasashen sanyi, tun zamanin kakanninmu. Sunan salon ekspiresiyonisim, wanda har yau in zan faɗa sai na yi hankali da harshena. Ya ce mutanen sun gaji da kwafar duniya, tun da na'urar ɗaukar hoto ta iya wannan, sai suka koma zana abin da ke cikin ƙirji. Na duba, na ga sama ja wur, gidaje sun sunkuyo kan masu wucewa, wata mace da koriyar fuska. Dariya ta kama ni, na ce wa ta kusa da ni ai ƴan ajin farko sun fi wannan iyawa. Ina cikin surutuna na iso kan wani mutum zaune a ɗaki rawaya, hannuwansa sun fi kansa girma, sun zube kan gwiwoyinsa. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma wallahi na san mugun labari aka kawo masa. Na tsaya a wurin har aka fara tattara hotunan. Na roƙi mushen ya ara mini kaɗan, ya ara mini.

Da aka koma lakwal ba mu da fenti, kuma ni ba mai zaman jira ba ce. Na jiƙa bula ta wanki, na dafa zoɓo har ya yi kauri, na niƙa gangamau da gawayi da jar ƙasa, na dama kowanne da ƙaro don ya kama. Magina suka ba mu takardun buhun siminti, yara suka tattauna bakin asawaki ya zama buroshi. Da na ɗaga hotunan, ajin ya kaure da dariya. Wani mai kaifin baki ya ce mai zanen zazzaɓi yake yi. Na ce ƙila, to kai ma zana mini naka. Na gaya musu yau ba ruwana da kamanni, kowa ya zana abu yadda ya ji shi a jikinsa.

Ikon Allah, abin da yaran nan suka fitar! Ɗaya ya zana layin jarkoki a bakin famfo, kowace ta wangame baki sama, rana kuma baƙa ƙirin a kansu. Wata ta zana allurar gidan likita, tsawonta ya kai taɓarya. Mai kaifin bakin ya yi duwatsun unguwar Birni da ruwan zoɓo, sun karkato kamar za su yi magana. Na bi layi-layi ina kallo, bakina a buɗe. Yaran da nake gani kullum da majina da tsiya, ashe duk wannan yana cikinsu.

Akwai wata yarinya mai zama kusa da taga, ba ta da hayaniya. Wurin kakarta take, tsohuwar da ke suyar ƙosai a ƙofar lakwal, mutanen ƙauyen Droum ne da suka dawo gari. Uwar yarinyar ta bi ayarin mata zuwa arewa neman aiki tun ƴar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Da farko ana samun saƙonta, daga baya shiru. Kowa a unguwa ya sani, ba mai tayar da maganar.

Mako na gaba na ce kowa ya zana mutumin da yake ƙauna. Aji ya duƙufa, ita kuwa ta zauna da asawakinta a bushe. Ni zaman banza yana ɓata mini rai, na nufe ta da faɗa a bakina. Kafin in fara ta ɗago, ta yi magana can ƙasa.

"Madam, na manta fuskar innata."

Na durƙusa kusa da ita. Ta ce kullum in ta rufe ido tana nema, ba ta samun komi, kuma ba su da hoto ko ɗaya. Abin da ke damunta shi ne in innar ta dawo, za ta iya wuce ta a kasuwa ba ta gane ta ba. Ba ta gaya wa Kaka ba don kada ta yi kuka. Tausayi ya kama ni. Da ƙyar na ce mata ta bar fuskar, waɗannan Turawan ma ba su damu da ita ba, ta zana abin da ya rage mata ko mene ne.

Ta daɗe tana kallon takardar. Can sai ta ajiye asawakin, ta tsoma tafin hannunta cikin bula. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse, ba ta ɗago ba. Na zauna nesa ina gyara kwanuka don kada in takura mata.

Da na matso, abu ne ƙato ya cika takardar daga gefe zuwa gefe, shuɗi da zoɓo sun cakuɗe sun yi duhu mai ɗumi. A samansa akwai wani siririn abu da ƙulli a kai, gefe guda kuma ɗigon rawaya. Can ƙasa jan layi mai kauri ya ratsa, sannan wasu ƴan ƙananan hannuwa biyu sun manne a jiki. Ya yi mini kyau har na ji tsoronsa, amma ban gane ba. Na zaci dutse ne.

Muna haka tsohuwar ta leƙo neman jikarta, da farantinta a hannu, tana mitar an daɗe. Na ce, "Iya, shigo ki gani." Ta shigo tana goge hannu a zane, ta tsaya a kan takardar, mitar ta yanke. Ta miƙa yatsa ta bi siririn abin, ta taɓa ƙullin, ta taɓa ɗigon rawayan.

"Wannan ƙeyar ƴata ce," in ji ta. "Ga ɗaurin kallabinta, ga ɗan kunnenta. Wannan jan kuma majanyin da na ba ta ne."

Sai a lokacin idona ya buɗe. Yarinyar ta zana uwarta daga inda ta fi saninta, daga goyo. Baya ne mai faɗi kamar bango, yadda jariri ke ganinsa da kuncinsa a manne.

Tsohuwar ta zauna a kan ɗan benci na yara. Ta ce ita ma haka take ganin ƴar tata. Ran da suka rabu a tasha ƴar ba ta waiwayo ba don kada zuciyarta ta karye, tun daga nan in ta tuno ta, bayan ne ke zuwa.

Yarinyar ta dube ta, hannuwanta shuɗi har gwiwar hannu.

"Kaka, ke nan ban manta ta ba?"

"Ba ki manta ba, ƴar nan. Ko cikin mata dubu ta juya miki baya, ke za ki fara gane ta."

Takardar ba ta bushe ba, ba ta naɗuwa. Tsohuwar ta juye sauran ƙosan a kwanona, ta share farantin da gefen mayafinta, ta shimfiɗa zanen a kai a hankali. Ta ɗora a ka, ta kama hannun jikarta, suka fita.