Tambayar da Na Kai Bayan Dundaye

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Rini cikin motar ma'aikata, mu masu koyon tsara tambayoyi. Gwamnatin soja za ta buɗe makarantun kyauta, an ce kafin a tsara darussa sai an ji daga bakin iyaye. Kowa ya rubuta tambayoyinsa ya je ya gwada, wanda nasa suka yi kyau su za a buga a raba ƙauyuka. Ni kuwa har na fara hura hanci.

Hanyar Dundaye motocin siminti sun cinye ta. Muka tsaya shan fura, mai nonon ta tsuga kuɗi, wai ai yanzu gwamnati ma kuɗi sun yi mata yawa. Muka yi dariya muka biya.

Da hantsi muka isa wata 'yar unguwar manoma. Ko'ina muka tsaya a hanya yara kan yanyame motar, amma nan ko ɗaya bai fito ba. Ga motar kara yashe a bakin rijiya. Shirun ya dame ni.

Wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na karanta tambayar farko: "Baba, yara nawa ne a gidan nan?"

"Biyat," in ji shi.

Na rubuta, na ce a kira su in ji ko sun san baƙi da wasali.

Ya miƙe tsaye. "Malam, cewa ka yi yara nawa ag gidan ga. Suna nan, ba su hita ba. Taho in gwada maka."

Ya zagaya da ni bayan rumbu. Tuddan ƙasa ne ƙanana guda biyar a jere, an lulluɓe da ƙaya saboda awaki. Baƙon dauro ya ratsa unguwar kafin kaka, kaburburan jikokinsa ke nan. Na yi ta'aziyya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar muka dawo gari. Abin da na koyo shi ne, mutum abin da ka tambaye shi yake amsawa, ko da ba shi kake nufi ba. Na zauna in gyara tambayar, na ga ƙarin kalma biyu ne: "masu rai". Na rubuta ta, amma da kaina na roƙi malaminmu kada a buga. Ba uban da zan so a karanta wa wannan a zaurensa.