Adashin da Ba a Kwasa

Assalamu alaikum. Kun jima ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Lafiyata ƙalau, rasuwar Inna Kande ce ta ɗaure mini baki. Akwai maganar da na fi shekara ashirin ina jin kunyar faɗa, yau zan faɗe ta.

Inna Kande ita ce uwar ƙungiyarmu ta mata a Limawa. Ma'aikatan wani ƙaramin banki ne suka kawo tsarin. Ƙungiya ta sayi injin markaɗe ta sayar mini da ɗan ƙari, ina biya duk Juma'a. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a sai da na tura maigidana, Malam Sale, wurin malamin unguwa. Ya dawo ya ce ciniki ne, ba kuɗin ruwa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne naira ashirin da ake karɓa daban, wai kuɗin lafiya.

Ni adashi na sani. A zuba, a kwasa, kowace da ranarta. Wannan kuwa shekara guda muna zubi, ban ga wadda ta kwasa ba. Sai na sa ido. Inna ta ɗaura sabuwar atamfa, na lura. An yi mata daɓen siminti a tsakar gida, na ce yauwa.

Ranar taro, a gaban mata, na ce, "Inna, wai wane irin adashi ne wannan da ba a kwasa? Ko ke kaɗai ke kwasa?"

Ta dube ni ta ce, "Asabe, ki roƙi Allah kada kwasar ta zo kanki."

Na ɗauka baƙar magana ce ta faɗa mini.

Da damina zazzaɓi ya kama ni. Ciwon kai, kasala, baki ba ɗanɗano. Ƙa'ida ita ce ki gaya wa Inna, ki je asibiti a yi gwaji, ƙungiya ta biya. To ni da na kira ta ɓarauniya, da wane ido? Kuma na riga na yanke cewa asusun wayam yake.

Sau uku ina zuwa kemis, sau uku ana ba ni maganin zazzaɓin sauro. Na haɗa da jiƙo. A sati na uku cikina ya yi tauri kamar katako, ko zane ba na son ya taɓa shi.

A babban asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Taifot ne, ya huda hanji. Da a satin farko kika zo, ƙwayoyi kawai za ki sha. Yanzu sai tiyata, kuma yau."

Aka miƙa wa Malam takarda: ruwan ƙari, allurai, safar hannu, zaren ɗinki, jini leda biyu. Dubu goma sha huɗu. Shi kuwa masinja ne a sakatariya.

Ya sunkuyo ya ce, "Na samu wani a Takur, zai ɗauki injin dubu tara."

Injin nan shi ke ciyar da 'ya'yanmu huɗu, ban ma gama biyansa ba. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai, amma wallahi na fi jin tsoron in tashi in tarar ba inji.

Ana cikin haka sai ga Inna Kande da littafin asusun a hammata. Maƙwabta ne suka gaya mata. Ta ce, "Malam Sale, a bar inji inda yake." Ta juyo kaina. "Asabe, yau kwasarki ce."

Ku ji halin nawa. Roba a hancina, ina numfashi da ƙyar, abin da na ce shi ne, "Nawa ne a ciki?"

Ta yi dariya, ta buɗe littafin, ta rufe sunaye da tafin hannunta, ta nuna mini gefen kuɗin. Ashe mata da yawa sun kwasa kafin ni, wata haihuwa, wata ciwon ɗa. Ta ce, "Ciwon mace asirinta ne, ba a shelarsa a taro. Naki ma ba wadda za ta ji a bakina."

Simintin kuwa, ɗanta mai sayar da hatsi a Ringim ne ya yi mata.

Kwana goma sha shida na yi a gado. Ban taɓa sanin za a yi mini barka don na yi tusa ba, sai da nas ta ce hanji ya tashi, a kawo kunu. Magungunan da na sha bayan sallama daga cikin waɗanda ƙungiya ke sarowa a Kano ne, kuɗinsu bai kama ƙafar na kemis ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da ƙanin Malam da ya ba ni jini.

'Yan'uwa, zazzaɓi ya wuce kwana uku, a je a yi gwaji. In kina ƙungiya, ki sa a ware na lafiya. Ki nemi ganin littafi, haƙƙinki ne, ni har gobe ina nema. Amma ki tambaya kafin ki yi zargi.

Na roƙi Inna gafara a ɗaki, mu biyu, ta yafe. Sai dai a gaban mutane na ci mutuncinta, kuma ban iya wanke ta a gabansu ba har ta koma ga Allah.

To ga shi kuna ji: Inna Kande ba ta ci ko kwabo ba. Allah ya jiƙanta.