Karen Martine Mai Kifi

Martine ta sauko daga duwatsun Mora zuwa Garwa ne tana biye da mijinta, wanda ke dakon auduga a tashar jiragen ruwa ta bakin Binuwai. Wata damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Ya bar ta da ɗa guda, Nicolas, da ɗakin haya a gidan Inna Aisatu, matar wani marigayi falken goro. Martine ta kafa kasko a gindin gada tana suyar kifi. Da kaskon nan ta riƙe Nicolas a makarantar mishan, har ya wuce Maruwa ƙaro karatu.

Bayan tafiyarsa ɗaki ya yi mata faɗi. A lokacin ne ta tsinci wani ɗan kwikwiyo ƙarƙashin teburin masunta, duk haƙarƙari a waje. A garinsu babu gidan da ba kare, don haka ta naɗe shi a zane ta kawo gida.

Inna Aisatu ta dube shi ta riƙe baki.

"Uwar Nicolas, nan gidan salla ne. Ranar da na ga kashinsa a tsakar gida, ko bakinsa a butata, ke da shi ku nemi wani wuri."

"Na ji, Inna. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ta sa masa suna Munyal, wato haƙuri da Fillanci, kuma ita ce ta fara shan haƙurin. Da ya farka, ta sungume shi zuwa juji bayan katanga. Da ya ci abinci, juji. Ta koyi karanta shi: in ya soma shinshinar ƙasa yana zagaye, sai ta saki ko me take yi ta ruga da shi. Sau da yawa kifi ya ƙone a kasko saboda haka. In ya kuskure a ɗaki, sai ta wanke wurin da toka da ruwan zafi, kada wari ya sake kiransa can. Ba ta taɓa dukansa ba. Ta ce kare in an doke shi ba ya daina yi, ɓoyewa yake koya. In kuwa ya yi a juji, kan kifi ne ladansa.

Kafin kaka, Munyal da kansa yake kartar ƙofa yana kuka a buɗe masa. Ya san iyakarsa turmi, ba ya tsallakawa wajen tabarmi da butoci. Har Inna Aisatu ta koma jefa masa ƙashi, tana yi tana hararsa.

Nicolas ya dawo da takardar shaidar karatu, ya yi ta zaryar ofisoshi har takalminsa ya huje. Ko'ina sai a duba takardar a yaba, a duba sunan a ce ya dawo wani lokaci. Rannan sai ga shi da hula da babbar riga.

"Mama, daga yau Hamadu nake. Na samu aikin akawu."

Martine ta daɗe tana kallonsa. Ba shi ne na farko da ya musulunta don samun aiki ba a cikin 'ya'yan dutse na wancan zamani. Ta zuba masa tuwo.

Ba a jima ba ya zo da wata magana. Maigidansa na ofis, wanda ya tsaya masa, zai zo ganin inda yake zaune.

"Mama, karen nan fa."

"Me ya yi maka?"

"Bai yi kome ba. Amma mutumin nan ba zai shiga gida mai kare ba."

"Inna Aisatu ba ta fashin salla, ga ta zaune da shi."

"Inna Aisatu ba ta cin abinci a hannun kowa, Mama."

Ta ce sai dai a ɗaure shi a maƙwabta ranar. Ya tashi ya fita, ta ɗauka ya yarda.

Washegari da ta dawo daga gada, igiya kawai ta tarar. Inna Aisatu ce ta gaya mata, idonta a ƙasa, cewa Hamadu ya ba wani direban babbar mota mai zuwa Bogo karen. Martine ta ajiye kasko ta tafi tasha da ƙafa. Motar ta tashi tun hantsi, kuma babu wanda ya san sunan direban.

Babban baƙon ya zo ranar Juma'a. Bai ma fito daga mota ba. Ya leƙo ta taga, ya ce unguwar ba ta dace da ma'aikaci ba, ya ja motarsa. Martine na tsaye a zaure da furar da ta dama masa.

Hamadu ya samu gidan gwamnati ya tare. Yakan aiko da buhun shinkafa, shi kansa kuwa sai a shekara. Martine ta ci gaba da suya a gindin gada har hayaƙi ya cinye mata ido. Wani masunci mai tausayinta ya taɓa kawo mata kwikwiyo, ya ce ko zai ɗebe mata kewa.

Ta shafa kansa, ta mayar masa.

"Kai wa mai sauran ƙarfi, ɗana. Ni na gama reno."