Dikko Mai Uwa Biyar

Yayata Saude ta daɗe tana aikin kati a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can gefen Burumburum. A Riruwai aka haife ta, lokacin babanmu yana haƙar kuza. A wani shagon hoto a Tudun Wada ta koyi kwamfuta, da yatsa biyu, kuma har yau da su take bugawa. Amma in ta fara, sai ka rantse kaji ne suka samu dawa a faranti.

Tsohuwar kwamfutar ofishinta ni Hajiya nake ce mata, don sai ka gaishe ta ka jira kafin ta amsa. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin yana cikinta, kowace shekara da fayil ɗinta, kowane zuwa da layinsa. Bara Hajiya ta fara sumewa ana tsakar aiki, sai aka turo wani Kamaluddeen daga Kano da sabon tsari. Ya ce yanzu mutum ɗaya, lamba ɗaya. Iyaye mata jerinsu daban, yara daban, allurai daban, lambar ce ke ɗaure yaro da uwarsa da maganinsa.

Kafin a kwashe bayanan zuwa sabon tsarin sai an tace su. Saude ta san halin mutanenmu: kati ya ɓace, a zo a buɗe sabo. Don haka ita da bakinta ta ce duk inda suna da sunan uba da ranar haihuwa suka zo ɗaya, a haɗe su. Ta manta cewa duk wanda bai san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu take ba shi.

Da aka gama, ta buɗe jerin yara, sai ga wani Dikko Buba da uwa biyar. Na ce wannan yaro ya more, ranar sallah ko ina ya juya tuwo. Ba ta yi dariya ba.

A rugagen da ke kewaye da mu, ɗan fari Dikko ake kiransa. Uwa ba ta faɗin sunansa na yanka, kunya ce. Na miji ma ba ta faɗa, sai ta kusa da ita ta ce Buba, su Buba kuwa a rugagen sun fi a ƙirga. Yara biyar aka dunƙule. Kuma a tsohon layin ɗayansu an rubuta cewa allurar penisilin ta taɓa kumbura shi, kada a sake. Layin ba sunan uwa, don a shekarar ba a fara rubutawa ba.

Kamaluddeen ya raba yaran cikin sauƙi, tunda bai goge tsofaffin fayilolin ba, ya manna gargaɗin a kan duka biyar. Saude ta ce hakan na wucin gadi ne. An hana huɗu maganin da asibitin ya fi samu, kuma wata rana wani zai ga gargaɗin ya yi yawa ya raina shi, ya faɗa kan mai shi.

Sai ta shiga bin rugage ranakun hutunta, a bayan acaɓa, damina tana zuba. Iyayen suka riƙa sunkuyar da kai suna murmushi. Ta gane ba su za ta tambaya ba, ta koma kan kakanni. A wata ruga ta tarar da tsohuwa Habiba tana kaɗa nono.

"Inna, cikin jikokinki akwai wanda allura ta taɓa kumburawa?"

"Ismail ne, mijin nan nawa marar cefane. Fuskarsa ta koma kabewa, na ce ni kam na saki."

Uwar yaron, wadda ba ta kiransa sai da Dikko, tana gefe, ta kau da kai kamar zancen ɗan maƙwabta ake.

Saude ta dawo ta sa Kamaluddeen ya ƙara gurbi biyu: sunan yanka da sunan gida. Ta cire gargaɗin daga kan huɗun.

Bayan kaka aka kawo Ismail da ciwon kunne. Saude ta buga lambarsa, jan rubutu ya fito, nas ta mayar da kwalbar ta ɗauko wata. Uwar ta leƙa allon, ta tambaya a hankali ko na'urar ta san yaron nan.

"Ta san shi," in ji Saude. "Ita za ta riƙa faɗin sunan a madadinki, ke ki huta."