Dutsen Gugar Yaya

Yayata ta ga jinin al'ada tana 'yar shekara tara, kuma daga ranar Mama ta yanke cewa ta girma. Babbar mace ba ta zaman banza, in ji ta. Aka raba ta da wasa, aka kai ta ɗakin baya na shagon ɗinkinmu, inda ko taga babu, aka miƙa mata dutsen guga na gawayi. Ita ke hura wuta, ita ke goge duk abin da ya sauko daga keke.

Kafin ta kai sha uku ƙirjinta ya fara fito. In numfashi ya sarƙe, ta dafa tebur tana neman iska, sai Mama ta leƙo ta ce, "Ƙiwa ce. Da an ce guga sai tari." Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Ni ma na taya, ina tsokanarta da Mai Sarewa, kuma ban yafe wa kaina ba.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi tana sha shida, dutsen ya ƙona mata hannu, sannan aka kai ta asibiti. Likita ta ce asma ce, ta tambayi yaushe ta fara al'ada. Mama ta yi caraf ta ce, "Sha huɗu," don kada a ce idon 'yarta ya buɗe da wuri. Washegari Yaya ta koma guga, da maganin shaƙa a aljihu.

Yanzu shagon nata ne. Ta fasa bango ta yi taga, ta sayi dutsen lantarki. Amma huhu ba riga ba ne balle a ɗinke. Matakala biyar sai ta tsaya ta huta.

Bara 'yarta tilo ta ga jini tana shekara goma, ga tari kullum da safe. Yaya ta ɗauke ta sai asibiti, na raka su, Mama ta biyo mu tana mita. Da likita ta yi waccan tambayar, Mama ta riga kowa: "Ai ba ta fara ba."

"Goma," in ji Yaya. "Ni kuma tara. Ki rubuta, likita."

Likita ta ce ana ganin masu farawa da wuri sun fi kamuwa da asma. Ba duka ba, amma a sa wa yarinyar ido, a raba ta da hayaƙi tun yanzu.

Muna fitowa Mama ta ce, "Kin tona mana asiri a gaban bare."

Yaya ba ta da numfashin gardama. Ta naɗe hannun riga, ta nuna mata tabon dutsen guga.

"Ga wanda kika rufa, Mama. Ba za a rufa wa 'yata irinsa ba."